Tambayoyi da amsoshi kan sa watamak a zanen gini cikin AutoCAD

Waɗannan tambayoyin su ne ke ta dawowa tsakanin masu zanen filan a nan Birnin Kebbi da Argungu da Jega har Yauri, tun daga ɗaliban kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da ke koyon aiki a ofisoshi har waɗanda sunka jima cikin sana'ar. Kusan duk bayanin a kan AutoCAD munka yi shi tunda shi ne a hannun kowa, maganar sauran manhajojin zane irin Revit da ArchiCAD tana can ƙasa. Sunayen umarni da na akwatunan da ake dannawa mun bar su yadda suke cikin manhajar don kada a sha wahalar nemansu.

Wai mi ne ne watamak ɗin nan, kuma mi ne amfaninshi a zane?

Rubutu ne ko tambari mai dishi-dishi da ake shimfiɗawa a tsakiyar takardar zane, galibi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ana ganinshi sarai amma bai hana a karanta layuka da awon da ke wurin. Aikinshi biyu ne. Na farko shina faɗin matsayin zanen, wato wanga na dubawa ne kawai, ko ba a kammala ba, ko ba a yarda a yi gini da shi ba tukuna. Na biyu shina faɗin mai zanen, sunan ofis ko tambari, don kada wani ya yanke gefen takarda ya liƙa nashi suna.

Aikin farkon nan ya fi muhimmanci duk da mutane sun fi damuwa da na biyu. Zanen da anka tura don Alhaji ya duba tsarin ɗakuna kawai, in ya faɗa hannun birkila ba tare da wata alama ba, gobe sai dai ka ji an fara haƙa harsashi, alhali injiniya bai ko lissafa rodi ba.

AutoCAD na da wurin sa watamak kai tsaye kamar yadda Word ke da shi?

A'a, babu. Tun 1982 Autodesk ke fitar da AutoCAD amma ba za ka ishe wani maɓalli mai wannan sunan ba, kai ne za ka haɗa abinka da kayan da ke akwai, rubutu da leya (shimfiɗar da ake ware kayan zane a kanta) da kala da tsarin firintin. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne Transparency da anka ƙara a AutoCAD 2011, wanda ke sa abu ya zama shara-shara ana hango na bayanshi. Kafin nan da kalar toka kawai ake dabara, kuma har yau waccan tsohuwar dabarar na aiki, wani lokaci ma ta fi ba da kwanciyar hankali, duba tambayar da ke maganar fitowarshi baƙi ƙirin.

A Model zan sa shi ko a Layout?

Layout. Model shi ne filin da ake zana ginin da awonshi na gaske, Layout kuma shi ne shafin takardar da za a buga. Watamak na takarda ne ba na gini ba, don haka wurinshi inda taitil bulok yake, wato akwatin gefen takarda mai ɗauke da suna da lambar zane. A Layout milimita ɗaya milimita ɗaya ce a takarda, in ka ba rubutu tsawon 20 zai fito 20, ba ruwanka da sikelin zanen. In ka sa shi a Model kuwa dole ka ninka da sikeli, zanen da ke 1:100 kuma da milimita aka yi shi, rubutun 20 sai ka ba shi 2000, in wani biyufot ɗin, wato tagar da ke nuna zanen a Layout, na 1:50 ne rubutun ya fito ninki biyu, wani wurin ya fito rabi ya yanke, ga shi kuma duk sanda ka ja zaɓi sai ka kwaso shi tare da bango.

Mun san da yawa a nan har yanzu a Model suke jera komai, su zana firam su zagaye shi da Window su fitar, haka anka koya musu. In haka kake aiki ba laifi, ka sa watamak ɗin cikin bulok ɗin firam ɗinka (bulok shi ne layukan da anka dunƙule sunka zama abu ɗaya) yadda in ka ƙara ma firam girma shi ma zai bi. Amma ka daure ka koyi Layout, amsoshi da yawa na ƙasa sun fi sauƙi da shi.

Oga dan Allah a yi mana bayanin yadda ake yi tun daga farko

Ka shiga Layout, ka tabbatar kana kan takarda ba cikin biyufot ba. Ka buɗe sabuwar leya ka ba ta suna da ba za ka manta ba, WATAMAK ma ya isa, ka ba ta kala 253 ko 254, su ne toka mai haske. A layin leyar akwai gurbin Transparency, shina karɓa daga 0 zuwa 90, 0 babu shara-shara ko kaɗan, 90 kusan ba a gani. In kalar toka ce mai haske ba sai ka kai nesa ba, in baƙa ce ko ja ka fara gwadawa daga 70 zuwa 80.

Sai ka ja layi daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, na wucin gadi ne. Ka rubuta TEXT, ka zaɓi Justify sannan MC don tsakiyar rubutun ta zauna inda ka danna, ka kama tsakiyar layin nan, ka ba da tsawo, in ya tambayi juyi ka danna ƙarshen layin na sama, ka rubuta kalamanka, ka goge layin. MTEXT ma na yi in kana son layi biyu, sama Turanci ƙasa Hausa. Font ɗin ka ɗauki mai kauri irin Arial Black ko Arial mai Bold, waɗancan sirara na SHX irin romans da simplex ba su da jiki, in ka ƙara musu girma sai su koma kamar wani layin zanen, mai dubawa ya ruɗe.

Daga nan kada ka yarda da abin da allo ya nuna maka. Ka danna Ctrl+P ka duba Preview, nan ne gaskiya take.

Wane girma ya dace, kuma digiri nawa ake karkata shi?

Mutane na sa 45 don shi ya fi zuwa baki, amma takardun A duk tsarinsu ɗaya, in takarda na kwance layin kusurwa zuwa kusurwa kusan digiri 35 yake, A4 ne ko A3 ko A1. Da 35 rubutu mai tsawo zai zauna daidai, da 45 sai ya bugi sama da ƙasa tun bai ƙare ba.

A3 faɗinta 420 da 297 ne, layin kusurwarta ya ɗan wuce milimita 510. Rubutu mai tsawo irin NOT FOR CONSTRUCTION tsawon harafi 20 ya ishe shi, gajere irin DRAFT zai iya kai 60. A1 kuwa 841 da 594 ce, ninki biyu kenan na A3 ta kowane gefe, sai ka ninka lambobin kawai. Kada ya hau kan taitil bulok, wurin suna da lambar zane da kwanan wata a bar shi fes.

A allo shina dishi-dishi amma da anka buga ya fito baƙi ƙirin ya rufe komai, mi ya jawo?

Wagga ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ɗayan abu biyu ne. Na farko, AutoCAD bai buga shara-shara sai ka ce ya buga, haka anka saita shi don kada firintin ya yi nauyi. A akwatin Plot ka danna 'yar kibiyar da ke ƙasa ta dama ya buɗe gaba ɗaya, ƙarƙashin Plot options ka sa alama a Plot transparency. In kana son ya dinga bugawa ko an manta da alamar, ka rubuta PLOTTRANSPARENCYOVERRIDE ka ba shi 2. In a allon ma ba ka ganin shara-sharar to TRANSPARENCYDISPLAY ne ke kan 0, ka mai da shi 1.

Na biyu kuma monochrome.ctb ne, wanda kusan kowa ke amfani da shi. Aikin wannan fayil ɗin shi ne ya mai da duk kaloli 255 baƙi, har da tokar da ka zaɓa, bai san watamak ba. Maganinshi ka kwafi fayil ɗin ka ba shi wani suna, ka buɗe, ka nemo Color 254 ka rage Screening ɗinta daga 100 zuwa wajen 15 ko 20, wato kashi nawa na tawada za a zuba. Kada ka taɓa na asalin.

Akwai gajeriyar hanya da ni na fi so, musamman in a shagon firintin za a buɗe zanen inda ba su da fayil ɗin ctb naka. Maimakon kala mai lamba ka shiga True Color ka ba shi 220,220,220. Teburin ctb kalolin nan masu lamba kawai yake juyawa, True Color wucewa take yadda take, sai ka samu toka mai haske ko da monochrome ne, kuma ba ka buƙatar shara-shara sam. Sharaɗin kawai ya kasance rubutun na bayan layuka, wanda shi ne tambaya ta gaba.

Ya fito da haske amma ya danne layuka da awon da ke ƙarƙashinshi, ya zan mai da shi baya?

In watamak da zanen duk wuri ɗaya suke, misali duk a Model, ka zaɓe shi ka rubuta DRAWORDER ka ce Back, shi kenan. Sai dai ka lura TEXTTOFRONT na kwaso duk rubutu ya kawo gaba, in ka saba amfani da shi don awo ya fito to zai jawo watamak ɗin ma, sai ka sake mai da shi.

In kuma shina Layout zanen na cikin biyufot, abin da ke yanke hukunci wurin bugawa shi ne wata alama a Plot options mai suna Plot paperspace last. In tana kunne, za a fara buga zanen sannan a ɗora kayan takarda a samanshi, watamak ya hau kan layuka. Ka cire alamar, sai a fara shimfiɗa watamak sannan layuka su bi ta kai. Mutane da yawa sun shekara suna faɗa da DRAWORDER a banza saboda ba su san da wagga alamar ba. Abu ɗaya dai, in kana da Wipeout a Layout da ka sa don ya rufe wani yanki na zanen, cire alamar zai sa ya daina rufewa, to a irin wannan takardar ka bar ta kunne ka koma kan shara-shara. Wata mafitar, cikin saitin firintar DWG To PDF akwai Merge control, ka ɗauki Lines merge maimakon Lines overwrite, sai kalolin da sunka haɗu su gauraya, baƙin layi ya fito ta cikin toka.

Tambarin ofishinmu nake son sawa ba rubutu ba

Za ka iya. Ka rubuta ATTACH ka ɗauko hoton, PNG marar bango ya fi, ka daidaita shi a tsakiya, sannan IMAGEADJUST ka ja Fade sama har ya disashe, wajen 80 kan yi. In farin bango ya biyo shi ka duba Properties ka kunna Background transparency. Firam ɗin da ke zagaye da hoton kuma IMAGEFRAME ke riƙe da shi, ka ba shi 2, za ka dinga ganinshi a allo amma ba zai fito a takarda ba.

Matsalar hoto ita ce ba ya shiga cikin DWG, wato fayil ɗin zanen AutoCAD, adireshin inda yake kawai fayil ɗin ke riƙewa. Ka kai zanen shagon firintin a filasha ba tare da hoton ba, abin da za a gani akwati ne fanko da sunan fayil a ciki. Ko dai ka yi ETRANSMIT ya tattara maka komai a ƙunshi ɗaya, ko ka fitar da PDF tun daga ofis, ko kuma wanda ya fi duka, ka zauna sau ɗaya ka bi tambarin da PLINE ka cika shi da HATCH na Solid ka mai da shi bulok. Aikin yamma ɗaya ne, daga nan ba ya ɓata, ba ya fashewa ko A0 ka buga.

Takarduna sun kai ashirin, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya?

A'a wlh, ba a wannan wahalar. Ka sa watamak cikin taitil bulok ɗinka, taitil bulok ɗin kuma ya zama fayil nashi daban da kake jawowa da XREF a kowane Layout. Ranar da zane ya tashi daga na dubawa ya koma na gini, wuri ɗaya za ka gyara, duk takardun su bi. In ba ka son XREF, tunda leyarshi daban ce, daskarar da leyar WATAMAK (Freeze) kawai zai ɗauke shi daga duk takardun fayil ɗin, in kuma takarda ɗaya ce kake son cirewa ka shiga Layout ɗinta ka yi VP Freeze kana kan takarda.

Masu son ƙwarewa su buɗe bulok ɗin da BEDIT su sa mishi Visibility, hali ɗaya na dubawa, ɗaya na neman izini, ɗaya babu komai, sai ya zama ana zaɓa daga 'yar kibiya. Ka adana duka a matsayin DWT, wato fayil na samfuri, don kowane sabon aiki ya fara da shi. Wurin fitarwa kuma PUBLISH zai haɗa maka takardun a PDF ɗaya, amma shina bin Page Setup na kowace takarda ne, don haka alamomin nan biyu da munka yi magana a sama sai sun kasance an adana su a can, ba a akwatin Plot na lokaci ɗaya ba.

Plot stamp fa, ba shi ne watamak ba?

Ba shi ba ne, amma abokin tafiyarshi ne. PLOTSTAMP ɗan siririn rubutu ne da ke fita a gefen takarda lokacin bugawa, sunan fayil, sunan Layout, rana da lokaci, sunan wanda ya shiga kwamfutar, girman takarda da sikeli, kuma ba a adana shi cikin zanen. Amfaninshi ranar da anka samu takardu biyu a wurin gini kowa na cewa tashi ce ta ƙarshe. In kana son kwanan wata cikin watamak ɗin kanshi, cikin MTEXT ka danna Ctrl+F ka ɗauki PlotDate, duk sanda anka buga zai sabunta. Tokar da ke bayan irin wannan rubutun a allo kawai take, ba ta fita.

Mi ya kamata in rubuta a ciki?

Abin da anka saba shi ne PRELIMINARY, DRAFT, FOR APPROVAL, NOT FOR CONSTRUCTION, FOR TENDER ONLY. Suna da kyau ga injiniya da ɗan kwangila, amma ka tambayi kanka wa zai riƙe takardar nan a ƙarshe. In magini ne a Gesse ko Badariya ko wani ƙauye bayan Kalgo, ƙara mishi layi da Hausa ba zai rage ka da komai ba, KADA A YI GINI DA WANNAN ZANE, ko NA DUBAWA NE KAWAI. Mun zaɓi kalmomin da ba su da haruffa masu lanƙwasa da gangan, don font ɗin SHX alamar tambaya yake sawa a wurin harafin da bai da shi, kuma ba ka san kwamfutar da za a buɗe ba.

In don tsaron aikinka ne, ka haɗa da sunan ofis da sunan aikin da unguwar, misali gidan kwana uku a Bayan Kara. Wanda ya so kai shi wani fili daban sai ya ji nauyi.

Mai aiki ya ce in turo mishi ta WhatsApp ya gani kafin ya biya, watamak zai kare ni?

Zai taimaka, amma kada ka ɗora mishi abin da bai iyawa. Kamar rubutun nan ne da ake yi a katanga, wannan fili ba na sayarwa ba ne, mai kunya ya gani ya wuce, wanda ya yi niyya kuwa fenti kawai zai saya. Kuma maganar gaskiya ƙwararren birkila ba ruwanshi da watamak, in dai awo na jiki zai gina gidan tsaf shina kallon rubutunka. To abin da ke kare ka shi ne abin da ba ka tura ba. Kafin a biya, filan ɗin ƙasa da sunayen ɗakuna da hoton gaban gida sun isa mutum ya ce ya yi ko bai yi ba. Awo da sekshon da tsarin rufi da jadawalin ƙofofi da tagogi su jira cikon kuɗi, ka yi Layout na musamman da leyar awo ke daskare.

Sannan yadda ka fitar da shi. PDF ɗin da AutoCAD ke yi layuka ne na gaske a ciki, kuma tun AutoCAD 2017 akwai PDFIMPORT da ke mai da su zane, a danna watamak a goge. Abin da ya fi wannan ban haushi, in ka bar alamar Include layer information a PDF Options, leyoyinka na bin fayil ɗin, mutum ya buɗe a Adobe Reader ya kashe leyar WATAMAK da dannawa ɗaya ba tare da ya san AutoCAD ba. Ka cire wannan alamar. Don na dubawa kuwa hoto ya fi, ka ɗauki PublishToWeb JPG ko PNG a jerin firintoci, girman 1600 da 1280 ya isa a gani a waya, watamak ya narke cikin hoton, kuma bai da kyan da za a buga shi a A1.

Kafin alƙalami dai shi ne asali. Mun san da wuya in mai aikin kawu ne ko surukin oga, amma ko rabin kuɗi ne a karɓa, a rubuta abin da anka yi yarjejeniya ko a saƙon waya ne.

In na kulle leyar ko na sa fasuwod a DWG ɗin fa?

Kulle leya don kada hannunka ya goge abu bisa kuskure ne, duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai buɗe kwaɗon. Fasuwod kuma Autodesk sun cire damar sa shi a DWG tun AutoCAD 2016. Akwai masu haɗa zanen da watamak su yi MINSERT saboda EXPLODE bai fasa shi, e zai tsai da ɗan koyo, wanda ya san hanya kuwa minti kaɗan ne. In ka ba mutum DWG ka ba shi komai, don haka ana ba injiniyan da kuke aiki tare ne ko wanda ya biya kuma kunka yi da shi cewa fayil ɗin na cikin ciniki.

Ba zai fi sauƙi in sa shi a kan PDF ɗin bayan na fitar ba?

Wani lokaci ya fi, musamman in zane ɗaya za ka tura ma 'yan kwangila uku kana son kowa da sunanshi a jiki, in ya fita waje ka san ta inda ya fita. Adobe Acrobat Pro na da Watermark cikin kayan gyaran PDF, ka zaɓi rubutu da juyi da haske da shafukan da kake so, Foxit ma na da irinshi. Amma a wurin da anka rubuta Add nan anka rubuta Remove, mai irin manhajar zai cire shi yadda ka sa shi. Fasuwod ɗin hana gyara na PDF shi ma ba katanga ba ce. Shafukan intanet na kyauta kuma ka tuna zanen gidan mutum kake ɗora musu, ba kowane mai gida zai so haka ba.

Wani rubutu na fitowa a gefuna huɗu na takardata wai Student Version, ni ban sa ba

Wannan na Autodesk ne. Suna ba ɗalibai da malamai lasisin kyauta na shekara ɗaya da ake sabuntawa, da sharaɗin ba a aikin kuɗi da shi, kuma wasu nau'o'in na liƙa ma fayil alamar da ke fitowa wurin bugawa. Nau'in 2015 zuwa 2018 ba su da ita, a na 2019 ta dawo. Abin da ke kama mutane shi ne tana yaɗuwa, ka kwafo bulok ɗin kujera ko mota ɗaya daga fayil mai alamar, naka ma ya ɗauka. AutoCAD na yin gargaɗi lokacin, mu ne ke danna Yes ba mu karanta ba. In yaron da ke koyon aiki wurinka ya kawo tarin bulok a filasha, ka gwada su a fayil fanko ka duba Preview kafin su shiga aikin kwastoma.

Zan iya kai zane mai watamak wurin neman izinin gini?

Ba a kai mai NOT FOR CONSTRUCTION ko DRAFT, kai da kanka ka ce ba a gama ba. Wanda za a kai KUDA, hukumar raya birane ta jihar Kebbi, a nan Birnin Kebbi ko hukumar tsara gari ta inda kake, ya zama tsaftatacce, ana karanta kowane awo. Kuma watamak ba hatimi ba ne, bai maye gurbin hatimi da sa hannun akitek mai rajista da ARCON (hukumar rajistar akitek), ko injiniya mai rajista da COREN (ta injiniyoyi) a zanen rodi, ko safiyo mai rajista da SURCON (ta safiyo) a takardar fili. Masu ɗaukar hoton hatimin wani su disashe shi su liƙa a zanensu, wannan ya tashi daga ado ya koma jabu, kuma in gini ya samu matsala sunan da ke jikin takarda za a fara nema.

In wani ya goge sunana ya yi amfani da zanen, doka na tare da ni?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda anka sa ma hannu a 2023, ta haɗa da zane da filan da ayyukan tsara gini, kuma haƙƙin na samuwa ne da zarar ka yi aikin, ba sai ka yi rajista ko ka sa watamak ba. Hukumar da ke kula da wannan ita ce hukumar haƙƙin mallaka ta Najeriya. Inda watamak ke shigowa shi ne hujja, saƙon da ka tura ranar kaza da sunanka shimfiɗe a tsakiya, ga DWG na asali a kwamfutarka. In a ofishin wani kake aiki ana biyanka albashi kuwa, ka duba yarjejeniyarku kafin ka sa sunanka, kuma in magana ta yi nisa lauya za ka gani ba mu ba.

Revit da ArchiCAD fa?

Tunanin ɗaya ne da na takardu ashirin da ke sama, a sa shi inda firam yake. A Revit ka buɗe famili ɗin taitil bulok, ka sa rubutu mai kalar toka da bango Transparent, ka ɗaura Visible ɗinshi da faramita ta Yes/No, sai ya zama kana kunnawa da kashewa daga Properties. A ArchiCAD ka rubuta shi a Master Layout, duk takardar da ke kan wannan masta za ta ɗauka, wasu na yin masta biyu, mai watamak da marar shi. ZWCAD da GstarCAD da BricsCAD kuwa umarninsu kusan irin na AutoCAD ne, yawancin abin da munka faɗa zai yi.

A PDF ya yi kyau, a shagon firintin ya ɓace, a fotokwafi kuma ya yi duhu

Injina ba ɗaya suke ba. Firintar da tonarta ta yi ƙasa ba ta fitar da toka mai haske sosai, fotokwafi kuma ko ta share shi gaba ɗaya ko ta mai da shi ɗigo-ɗigo baƙi, ya danganta da yadda mai shagon ya saita haske. Ka buga takarda ɗaya ta gwaji a shagon da ka saba zuwa, da kalma ɗaya a jere da haske uku, 230 da 215 da 200 na True Color, kowace ta ratsa kan ƙananan lambobin awo, sannan ka sa a yi fotokwafinta, ka kuma ɗauke ta hoto da waya tunda haka za ta yi yawo a wurin gini. Wadda ta tsira a duka ukun kuma ana karanta awon da ke ƙarƙashi, ita za ka adana a DWT ɗinka. In ka canza shago ko sunka canza inji, ka sake gwajin.